Zaɓuɓɓukan Aji da na Wijet a Harshen Tcl: Misali daga Tanderun Siminti

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba yadda ake fayyace zaɓuɓɓuka ga aji da wijet a harshen Tcl. Abin da muke nufi da aji shi ne fasalin da ake ƙera abubuwa masu kama da juna daga gare shi. Wijet kuwa shi ne duk wani ɗan abu da ke bisa allon kwamfuta, kamar maɓalli ko akwatin rubutu ko ma'auni. Zaɓi shi ne siffar da mai amfani yake da ikon sauyawa, kamar launi ko suna ko iyakar lamba. Ra'ayinmu shi ne zaɓi alkawari ne tsakanin marubucin aji da mai amfani da shi, kuma alkawarin bai cika ba sai an tantance ƙimar da aka kawo kafin a karɓe ta.

2.0 Asalin tsarin

John Ousterhout ne ya ƙirƙiro Tcl a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1988, sannan Tk, kayan gina allo, ya fito a 1991. A Tk kowane wijet yana amsa umarni biyu: configure don sauya zaɓi, da cget don karanta shi. In aka tambayi configure labarin zaɓi guda, yakan maido da abu biyar: sunan zaɓin, sunansa a taskar zaɓuɓɓuka, rukuninsa a taskar, ƙimarsa ta asali, da ƙimarsa ta yanzu.

Da farko Tcl ba shi da aji. Michael McLennan ya kawo incr Tcl a 1993, daga baya incr Tk ya ba da damar haɗa ƙananan wijet su zama babba guda. William Duquette ya fitar da Snit a 2002. TclOO ya shiga cikin harshen kansa a Tcl 8.6 na 2012, sannan Tcl 9.0 na 2024 ya ƙara oo::configurable da umarnin property. Duk waɗannan sun riƙe al'adar configure ta Tk, haka ma tkinter na Python.

3.0 Misalin aiki

Malbaza, wadda ke kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙwanni da Madawa, ta shahara da masana'antar siminti tun shekarun 1960. A aikin siminti ana gasa garin farin dutse da yumɓu a tanderu har zafinsa ya kai wajen digiri 1450. Daga nan muka ɗauko misalin koyarwa: a ce an sa ɗalibi ya rubuta wijet mai nuna zafi, wanda zai koma ja in zafin ya wuce iyaka. Ga fasalinsa a Snit:

snit::widget maauni {
  option -suna -default "Zafin tanderu"
  option -iyaka -default 1450 -validatemethod Duba -configuremethod Sake
  option -mizani -default C -readonly yes
  delegate option -font to lakabi
}

Layukan nan huɗu sun ƙunshi hukunci huɗu da tilas marubuci ya yanke: ƙimar da zaɓi zai tashi da ita, abin da za a yarda da shi, abin da zai faru bayan sauyi, da wanda zaɓin yake hannunsa.

3.1 Tantance ƙima

Nan ne haɗarin yake. A Nijar mun saba rubuta lamba irin ta Faransanci, da waƙafi, wato 950,5 a maimakon 950.5. Tcl ba ya ɗaukar 950,5 a matsayin lamba. Abin da ya fi muni, ba ya yin ƙorafi wajen kwatantawa: in ɗaya daga cikin ƙimomi biyu ba lamba ba ce, sai ya kwatanta su harafi bayan harafi, kamar kalmomi a ƙamus. Saboda haka in iyaka ta zama 950,5 kuma zafi ya kai 1000, sai ya ga 1 na gaba da 9 a jeri, ya yanke cewa ba a wuce iyaka ba. Ma'auni zai zauna shiru alhali ya kamata ya yi gargaɗi. In kuwa iyakar 1450,5 ce, zafin 980 zai tayar da gargaɗin ƙarya.

Aikin Duba shi ne toshe wannan kafa. Yakan gwada ƙimar da string is double -strict, in ba ta dace ba ya ƙi ta tun kafin ta shiga. A incr Tcl kuwa ana fara ajiye ƙimar ne, sannan a gudanar da configbody. In an sami kuskure a ciki, sai a maido da tsohuwar ƙima.

3.2 Abin da ke biyo bayan sauyi

Ajiye sabuwar iyaka bai isa ba, dole a sake zana ma'auni nan take. Wannan shi ne aikin Sake. Abu biyu ne suka fi kayar da ɗalibai a nan. Na farko, a Snit in an ba zaɓi -configuremethod, ajiye ƙimar cikin options ya koma wuyan marubuci. In ya manta, cget zai ci gaba da faɗin tsohuwar ƙima. Na biyu, ƙimar asali ba ta bi ta cikin Sake, don haka sai marubuci ya yi zanen farko da kansa lokacin ƙera wijet. A incr Tk ba haka ba ne, domin itk_initialize yana gudanar da aikin kowane zaɓi tun da farko.

3.3 Kullewa da miƙawa

Ba kowane zaɓi ya kamata a taɓa bayan an ƙera wijet ba. In aka sauya -mizani daga Salsiyos zuwa wani ma'aunin ana tsakiyar aiki, lambar 1450 ta rasa ma'anarta. Shi ya sa muka kulle shi da -readonly, wato sai lokacin ƙerawa kaɗai. Zaɓin -font kuma ba na ma'auni ba ne, na lakabin da ke cikinsa ne, saboda haka muka miƙa masa da delegate. A incr Tk ana yin irin wannan da keep da rename da ignore.

4.0 Batun harshe

Taskar zaɓuɓɓuka, wadda Tk ya gada daga tsarin X, tana da amfani na musamman gare mu. Tunda -suna zaɓi ne, ana iya sa shi da Hausa ko da Faransanci daga fayil na daban, ta hanyar option readfile, ba tare da an taɓa aji ba. Tun Tcl 8.1 na 1999 harshen yake aiki da Unicode, don haka ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna fitowa, muddin zanen haruffan da aka zaɓa yana da su. Wannan ma dalili ne na barin -font a hannun mai amfani.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa sanar da zaɓi layi guda ne, amma nauyinsa yana ga tantancewa da abin da ke biyo bayanta. Shawararmu ga malamai ita ce, a duk aikin da ɗalibi ya kawo, a fara gwada zaɓuɓɓukansa da ƙimar da ba ta dace ba: lamba mai waƙafi, gurbi wayam, ko kalma a madadin lamba. Ajin da ya karɓi 950,5 bai ce komai ba, a maida wa mai shi ya gyara.