Tsohon Gwani da Sabon Inji: Ina Tseren Babura Ya Dosa?

Wanda ya saba bin titin filin jirgin sama na Abuja a ƙarshen mako ya san wannan ƙarar. Daga nesa take tasowa kamar rugugin hadari, kafin ka waiga manyan babura sun wuce a jere, mahayansu sun kwanta a kan tanki. Wannan kuwa a birnin da aka hana acaɓa shiga tsakiyarsa tun 2006, zamanin ministancin Nasir El-Rufai. A wajenmu babur abin neman abinci ne a Nyanya da Kubwa, abin ƙawa ne ga masu hali. A wasu ƙasashen kuwa sana'ar gwanaye ce, kuma ƙololuwarta ita ce gasar MotoGP, wadda yanzu take kan mararraba.

An fara gasar duniya ta tseren babura a 1949. Baburan MotoGP, babban ajinta, a yau injinsu mai cc 1,000 ne, ba a sayar da su a kasuwa, don tsere kaɗai ake ƙera su. A 2023 ɗan Afirka ta Kudu Brad Binder ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a filin Mugello na Italiya. A kwana, mahayi kan kwantar da babur har gwiwarsa da gwiwar hannunsa su riƙa gogar kwalta, ba abin da ke riƙe da shi sai ɗan gefen taya da bai kai faɗin tafin hannu ba.

Mutumin da ya fi shahara da wannan kasada shi ne Marc Márquez, ɗan Sifaniya, haifaffen 1993. Yana da shekara 20 ya ci kambun MotoGP a 2013, shekararsa ta farko a ajin, ya ƙara biyar a kan Honda zuwa 2019. Sai ƙaddara ta faɗa masa a filin Jerez a Yulin 2020: ya faɗi, ƙashin damtsensa na dama ya karye. Ya yi gaggawar komawa kan babur cikin 'yan kwanaki, abin ya ƙara lalacewa. Sau huɗu aka yi wa hannun tiyata. A ta huɗun, a Amurka a 2022, likitoci suka sake yanka ƙashin domin ya haɗe a karkace, suka juya shi suka daidaita. Ga kuma ciwon ido da ke sa shi ganin abu ɗaya ya zama biyu.

Mutane da yawa sun ce tasa ta ƙare. Shi kuwa a ƙarshen 2023 ya bar Honda da albashinta mai tsoka, ya koma ƙaramar ƙungiyar Gresini domin ya hau Ducati, ya gane ko hannun ne ya gaza ko baburin. A filin Aragon a 2024 ya ci tsere bayan kwana 1,043 bai ɗanɗana nasara ba. Ranar 28 ga Satumba 2025, a Motegi ta Japan, ya karɓi kambunsa na bakwai a MotoGP, na tara a dukkan azuzuwa, ya kamo tsohon gwani Valentino Rossi a yawan kambu. Ya yi kuka a gaban duniya, kuma duk mai zuciya ya san dalilin kukan. Mako guda bayan haka aka buge shi a Indonesiya, kafaɗar dama ta sake samun rauni, bai ƙara hawa ba har kakar ta ƙare. A wannan tseren ne matashi Fermín Aldeguer mai shekara 20 ya yi nasararsa ta farko. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Jiki ba ya bin umarnin zuciya har abada. Rossi ya jure har shekara 42, ya sauka a 2021, amma kambunsa na ƙarshe tun 2009 ne. Márquez zai cika 34 a 2027, shekarar da za a sauya kusan komai. Za a rage injin zuwa cc 850. Za a takaita fukafukan da ake maƙala wa babur domin iska ta danne shi a ƙasa, saboda suna hargitsa iskar da na baya ke shiga, su sa wucewa ta yi wuya. Za a haramta na'urar da ke durƙusar da babur in zai fita daga kwana. Man da za a sha ba zai zama na haƙowa daga ƙasa ba, kuma Pirelli zai karɓi aikin taya daga Michelin. Manufar ita ce a rage gudun da ya fi ƙarfin filaye, a maido da hukunci hannun mahayi maimakon injiniya.

Masu gidan ma sun sauya. A 2025 kamfanin Liberty Media na Amurka, mai gasar motoci ta Formula 1, ya sayi kashi 84 cikin ɗari na Dorna, mai shirya MotoGP. Burinsa sababbin 'yan kallo, domin gasar ta daɗe a hannun Sifaniyawa da Italiyawa. Shigowar Toprak Razgatlıoğlu na Turkiyya a 2026, bayan kambu uku a gasar Superbike, ta buɗe wata ƙofar. Amma Afirka na gefe: rabon nahiyar da ganin tseren tun 2004 a Welkom ta Afirka ta Kudu, ranar da Rossi ya yi nasara a tserensa na farko a kan Yamaha.

A ganina, makomar wasan ba ta rataya ga yawan shekarun da suka rage wa Márquez ba, sai ga abin da gwanaye ke bari a baya. Rossi ya kafa makarantar VR46 a garinsu Tavullia, daga cikinta Francesco Bagnaia ya fito ya ci kambu a 2022 da 2023. Márquez kansa yana ɗan shekara huɗu ya fara hawa, da hular kwano, da manya a kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nan ne zancen ya dawo gida. Muna da samari masu baiwa: ka ga yaro ya ɗaga tayar gaba a rakiyar amarya, ba hula, ba takalmin kirki, silifas kawai. Márquez ya faɗi sau ɗaruruwa yana raye domin akwai rigar fata mai jakar iska a jikinsa, akwai tsakuwa a gefen fili maimakon turakun lantarki, akwai likita na jira. Namu yaron faɗuwa ɗaya kan isar masa. Abuja ba ta rasa fili ba. Ƙaramin filin tsere mai shinge, da mai koyarwa, da motar asibiti a tsaye, zai janye wasan daga kan titi, ya ba gwani wurin da zai faɗi ya tashi ya sake hawa, har shi ma ya kai shekarun da za a tambaye shi yaushe zai sauka.