Yaron da ya sunkuyar da kai gaban alƙali

A Banksia Hill, gidan tsare yara masu laifi da ke Perth a yammacin Ostireliya, masana sun duba yara 99 'yan shekara 10 zuwa 17, kusan uku cikin huɗu Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar. Sakamakon da ya fito a 2018 ya tayar da hankali: kashi 89 cikin ɗari na da tawaya mai tsanani a wani fanni na aikin ƙwaƙwalwa, kamar magana, tuna abu ko natsuwa. Yara 36 giyar da aka sha suna ciki ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, amma biyu kacal aka gano kafin nan. Sauran, kallon masu taurin kai ake musu.

Shi kansa gwajin sai an yi hattara. Yaron Aborijin kan kau da ido daga babba don girmamawa, ya ce "eh" ko bai gane ba. Wani Turanci ba harshen gidansu ba ne, wani ciwon kunne ya rage masa ji. Baƙon likita na iya ɗaukar ladabi a matsayin cuta, ko cuta a matsayin rashin kunya. Shi ya sa Tracy Westerman, masaniyar halayyar ɗan Adam kuma 'yar Aborijin, ta tsara ma'auni na musamman don matasansu.

Mu da 'ya'yanmu ke karatu da Faransanci ko Turanci a Yawunde ko Kumasi, mun san wannan sunkuyar da kai. In malami ya ce yaro ba ya ji, a fara duba kunnensa, a kuma yi masa tambayar da Hausa.