Littafin Taro da Rijiyar Garinmu: Yadda Tallafin Gwamnati Ke Isa Hannun Ƙungiyoyi

Shekara 11 na yi ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu a matsayin sakatare. Ranar da jami'an hukumar raya al'umma ta jiharmu suka fara zuwa, mun share ƙofar gidan dagaci, mun shimfiɗa tabarmi, kowa na jiran a tambaye mu abin da muke so. Bayan gaisuwa, babban cikinsu ya ce, "Ina littafin taronku?" Na miƙa masa. Ya yi ta buɗe shafuka yana duba kwanan wata, da sunayen mahalarta, da kuɗin wata-wata da kowa ya biya, har da abin da aka kashe wajen gyaran katangar maƙabarta. Marigayi shugabanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya matsa mini lamba in riƙa rubuta komai ko da mutum bakwai ne suka zo taro. A ranar na ga amfanin nacinsa.

Shirin da ya kawo su shi ne CSDP, shirin tallafa wa ayyukan raya al'umma, wanda ya fara aiki a 2009 da kuɗin Bankin Duniya a jihohi da dama, ciki har da Katsina da Kebbi da Bauchi. Kuɗin nan rance ne a wuyan gwamnati, amma idan ya iso gari tallafi ne, ba wanda zai dawo ya ce ku biya. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma a kansu nake so in tsaya, domin su ne mutane ba su cika sani ba.

Na farko, gari ne ke zaɓen aikinsa, a taro na bainar jama'a. Mu maza mun zo da maganar rumfunan kasuwa da gyaran kwalbati. Jami'an suka ce sai an ji ta bakin mata a zamansu na daban. Da aka dawo da amsa, kalma ɗaya ce: ruwa. Wata dattijuwa ta ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, ku da kuke maganar rumfa, wa ya taɓa tashi kafin asuba ya bi layin rijiya?" Ba wanda ya tanka. Aka ƙirga hannu, rijiyar burtsatse ta yi rinjaye. Har gobe ina ganin wannan doka ta sauraron mata ita ce mafi kyawun abin da shirin ya zo da shi.

Na biyu, gari zai kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko da tsabar kuɗi ko da kayan aiki da ƙarfin jiki. Wasu sun yi gunaguni, suna cewa wace irin kyauta ce sai ka biya. Mu dai muka koma ga abin da muka gada, wato gayya. Masu amalanke suka ɗebo yashi, matasa suka fasa dutse, mata suka yi karo-karo na hatsi aka sayar. Aka kimanta komai aka rubuta.

Na uku shi ne lissafi. Aka zaɓi kwamitin aiki, da mata a ciki, aka buɗe asusun banki wanda mutum ɗaya ba zai iya cire ko sisi ba sai da sa hannun sauran. Kuɗin kuma kashi-kashi yake zuwa. Sai kun kawo rasit na kashin farko, injiniya ya zo ya ga aikin da idonsa, sannan a saki na biyu. Rasit ɗin buhun siminti biyar ya taɓa ɓace wa ma'ajinmu, aikin ya tsaya kusan wata guda kafin mai shagon ya sake rubuta mana wani. Shirin ya zo ƙarshe a 2021, amma hukumomin jihohin da suka gudanar da shi sun ci gaba da irin wannan aiki a ƙarƙashin NG-CARES, wanda aka kafa bayan ɓullar annobar korona da dala miliyan 750 daga Bankin Duniya.

Makarantun firamare suna da tasu hanyar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Shi ya sa ake yawan jin cewa biliyoyin naira na zaune a asusu ba a karɓa ba, alhali yara na zaune a ƙasa. Wannan abu yana ci mini rai, kuma tambaya ce da ya kamata kowane kwamitin iyayen makaranta ya yi wa ɗan majalisarsa: jiharmu ta biya nata kason bana?

Ta ɓangaren jami'o'i, duk wanda ya shiga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Danfodiyo zai ga gine-gine da rubutun TETFund a jikinsu. Asalin asusun gwagwarmayar malaman jami'a ce. Ƙungiyar ASUU, lokacin da Attahiru Jega ke shugabantarta, ta cimma yarjejeniya da gwamnatin soja a 1992, a 1993 kuma aka yi dokar da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka taƙaita asusun ga manyan makarantu kaɗai, a 2023 harajin ya kai kashi 3. Rabin kason na jami'o'i ne, sauran rabin a raba tsakanin kwalejojin fasaha da na horar da malamai, kuma makarantun gwamnati kaɗai ke samu. Ba gini kawai ake yi da kuɗin ba, har da tura malamai ƙaro karatu da tallafin bincike. Ƙanena da ke koyarwa a fannin aikin gona ya nemi na bincike bai samu ba a karon farko, don kasafin da ya rubuta bai yi daidai da aikin da ya ce zai yi ba. Ya zauna ya gyara, ya haɗa gwiwa da wasu malamai biyu, ya sake nema ya samu. Da yake ba ni labarin rasit da rahoton da ake nema a wurinsa, sai na ga ashe tabarma ɗaya muke zaune a kai.

Ƙungiyar da ke son ta wuce matakin gari kuwa, dole ta yi rajista da hukumar CAC. Za ta fitar da amintattunta, ta rubuta tsarin mulkinta, a buga sanarwa a jarida ko akwai mai ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, wani sashe na EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Akwai ɗawainiya da kashe kuɗi, gaskiya ne, amma da waɗannan takardu ne ake iya buga ƙofar wasu gwamnatocin ma. Ofishin jakadancin Japan a Abuja, alal misali, yana da ƙaramin tallafi da yake bai wa ƙungiyoyi don gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da samar da ruwa. Sai dai kada ƙungiya ta jingina da bango ɗaya. Da Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, ƙungiyoyi da yawa da suka dogara da ita kaɗai sun sallami ma'aikata.

Abin da ya fi sa ni rubuta wannan shi ne wani mutum da ya zo garinmu da fom mai tambarin gwamnati, yana karɓar kuɗin rajista da lambar BVN, da alkawarin kowa zai ga saƙon banki kafin salla. Zawarawa da tsofaffi ne suka fi ba shi. Wata gwaggona ta sayar da akuyarta. Bai dawo ba. A duk shekarun da na yi ina hulɗa da masu ba da tallafi na gaskiya, ba wanda ya taɓa sayar mana da fom, ba wanda ya tambayi lambar sirrin kowa. Suna da ofis da za ka je ka same su, su ma suna zuwa su gan ka a garinka da rana tsaka.

Rijiyarmu tana nan tana aiki. Tun kafin jami'an su tafi suka sa muka kafa kwamitin kula da ita, ana karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa a kan kowace jarka. Injin ya lalace sau biyu, duka biyun daga wannan asusu aka kira makaniki. Littafin kuwa yanzu yana hannun wata malamar firamare, ɗiyar dattijuwar nan da ta yi wa dagaci tambaya, kuma a taron da ya wuce ta karanta mana lissafin gyaran tanki har na wanda ya ɗauko tsani.