Magini da Ɗakin da Ba Ya Jiran Fanka

A kududdufi aikin magini yake farawa. Can ake haƙo jar ƙasa, a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, leburori su shiga da ƙafa su yi ta cuɗawa. Sai a bar ta ta kwana biyu ta tsumu, a sake kwaɓawa, sannan a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Shi ya sa gini aikin rani ne. Idan bango ya fara tashi, magini yana zaune a kansa kamar mahayin doki, yaronsa na jefo masa tubali daga ƙasa, shi kuma yana cafewa yana dasawa. Gindin bango ya yi kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa, kuma ido ne ma'auninsa.

Wurin rufi ake gane gwani. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika samun sa'arta ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai faɗi. Don haka magina suka ƙware a ɗaurin baka: a dasa azara cikin bango, a riƙa ɗora wata kan wata tana karkatowa, har na wannan gefe su haɗu da na wancan a tsakiya. Da wannan dabara Babban Gwani Mika'ilu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. A Yaama kuwa, a jihar Tawa, Falke Barmu ya fara gina masallacin garinsu a 1962, aikin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sana'ar ke cin moriyar abin da wasu suka zubar. Makubar da ake shafe bango da ita daga ɓawon ɗorawa take. Laso, mai tsare rufi daga yoyo, haɗi ne na katsi daga marina, da gashi daga majema, da dafara daga daji. Ga kuma masu saƙa: asabarin bakin ƙofa da ke tare rana ya bar iska ta wuce, zanar gamba a tsakar gida, tabarmar kaba a ƙasa, da fayafayan da mata ke rina wa kaba su kitsa musu zane, a jera su a bangon amarya.

Sanyin soro ba tsafi ba ne. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki dare ya yi. Kwano kuwa nan take yake sauke wa mai ɗaki abin da ya ɗauka, kuma duk wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai ya sani. Amma kada a ɗora wa mutane laifin son burga kawai don sun koma siminti. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma daminar yanzu ba ta da tausayi. A 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye. Magidancin da ya ga haka, ba za ka ba shi labarin sanyin ɗaki ya saurare ka ba.

Wannan tsoro ne masu zanen gini na zamani suke neman maganinsa. Suna matse jar ƙasa da inji tare da ɗan siminti kaɗan, ta fito bulo mai kusurwa, a ɗora ta kan harsashin da ya ɗaga ta daga danshi. Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina gidaje shida masu bene da irin wannan bulo a Yamai a 2016. Bayan shekara 2, ita da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci a Dandaji, suka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, kuma maginan da suka san tsohon ginin aka kira suka gyara shi. A Burkina Faso, Francis Kéré ya ɗaga kwano sama da rufin ƙasa a makarantar Gando don iska ta bi ta tsakani.

Kayan saƙa su ma sun sami sabuwar kasuwa. Faifai ya hau bangon otal da falon masu hali a Abuja, kaba ta zama murfin fitila. Sai dai kuɗin yakan tsaya a hannun mai shagon birni, ita kuwa wadda ta yi kwanaki tana kitsa shi farashin kasuwar ƙauye ake ba ta. Haka magini: ana yabon aikin kakansa a taron masana, amma ɗansa ya fi ganin riba a tuƙin babur, domin a wata guda ba lallai a kira uban ko gyaran katanga ba.