Matar Mashayi Ma Tana Bukatar Taimako

A taron ƙungiyoyinmu na Sabon Tasha da ƙauyukan Chikun mukan yi maganar taki da iri da bashi, amma ba mu cika duba halin da matar mashayi take ciki ba. Maigida yana gidan burukutu, ita kuwa tana sauraron motsin ƙofa har tsakar dare, gabanta na faɗuwa, barci ya gagara. Da kaka fargabar ta fi tsanani, gama buhun dawa yana iya komawa kuɗin giya cikin mako guda.

Mata da yawa sukan zubar da kwalba, su biya bashin miji a ɓoye, su ce wa fasto zazzaɓi ne ya hana shi zuwa sujada. Wannan nauyi yake ƙara musu, da wuya kuma ya hana mutum sha. A shekarar 1951 iyalan mashaya a Amurka suka kafa ƙungiyar Al-Anon. Abin da suke tuna wa juna shi ne, ba mace ce ta jawo shan ba, ba ta da ikon tsai da shi, ba kuma ita ce za ta warkar da mijin ba.

To, ina aikin ƙungiya? A ganinmu babban abu shi ne hatsi. Da an gama sussuka, a auna abincin gida na shekara, a ajiye a ɗakin ajiyar ƙungiya da sunan matar, a riƙa ba ta kaɗan kaɗan. Macen da ta san 'ya'yanta ba za su kwana da yunwa ba takan sami barci. Zumuntar Mata kuma ta zaɓi mutum biyu masu riƙe asiri su riƙa ziyartarta, kada a mai da roƙon addu'a ya zama gulma. Idan akwai duka, ta kwashe yara ta tafi gidan dangi, a sanar da dattawan ikilisiya.

'Yan'uwa, a kiyaye wannan: wanda ya daɗe yana sha sosai, in ya bari farat ɗaya, cikin kwana 2 ko 3 yana iya kamuwa da rawar jiki, jijjiga da ruɗewa, har ta kai ga mutuwa. Kada a kulle shi a ɗaki. A kai shi Asibitin Masu Taɓin Hankali na Tarayya da ke Barnawa, ba nisa. Matar ma ta gaya wa likita damuwarta a can.