Koyon Japananci ta Hanyar Labari

Mai son koyon Japananci yakan karaya tun kafin ya fara. Hiragana haruffa 46, katakana 46, sannan ga kanji, waɗanda gwamnatin Japan ta ware 2,136 daga cikinsu a shekarar 2010 a matsayin na amfanin yau da kullum. Da yawa sai su duƙufa haddar jerin kalmomi, bayan wata guda rabi ya zube. A ganina laifin na hanyar ne, domin kalmar da ba ta cikin zance ba ta da abin riƙewa a ƙwaƙwalwa.

Dubi wannan jimla: Obaasan wa ichiba de sakana o kaimashita. Wato kaka ta sayi kifi a kasuwa. Aikatau ya koma ƙarshe, kamar yadda Japananci ya saba. Mu muna sa "a" kafin kasuwa, Japanawa kuwa "de" tasu bayan ichiba take zuwa. "O" ta nuna abin da aka saya, "mashita" kuma ta shaida cewa aikin ya wuce, cikin ladabi.

Sai labarin ya ci gaba. Neko ga kimashita, wata kyanwa ta zo. Neko wa sakana o tabemashita, kyanwar ta cinye kifin. Bambancin "ga" da "wa" ya sha wahalar da ɗalibai, amma a nan ya fito fili: "ga" ce ta shigo da baƙuwa, "wa" ta ɗauko wadda aka riga aka sani. Bahaushe da ke raba "wata kyanwa" da "kyanwar" ya riga ya kama bakin zaren, duk da cewa ƙa'idar tana da wasu rassa.

Kunnenmu ma zai taimaka. Obaasan kaka ce, obasan kuwa goggo ko inna, jan wasali kaɗai ya raba su, kamar garin da ake zama da garin tuwo.

Ko rubutun ma ana iya koyon sa ta hanyar labari. Ba'amurke James Heisig ya wallafa littafi a 1977 da ke koyar da kanji ta hanyar ƙirƙirar ɗan labari ga kowane harafi, kuma har yau ana amfani da shi.

Mai karatu, in kana da niyya, tsara labarinka na jimla uku, ka faɗe shi da babbar murya, gobe ka canza kifin zuwa nama, ka ƙara jimla ta huɗu.