Dillali Ya Ƙara Kuɗin Haya: Wa Doka Za Ta Kama?

Duk shekara idan Oktoba ta kama aka buɗe makarantu, kasuwar dillalan gidaje ma takan buɗe a Tasawa da Mayahi, har da garuruwa irin su Kona, Korgom da Kanan Bakashe. Malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, ma'aikaciyar likita, ɗaliban da suka baro ƙauye don shiga kwaleji, kowa ɗaki yake nema, kuma cikin gaggawa. Mai gidan kuwa sau da yawa ba ya nan. Yana Kano ko Legas, ko Agadas, ko ya haura Libiya ci-rani. Ya bar makulli a hannun ƙaninsa ko wani dillali, ya ce: "Ka sa mutum, ka riƙa karɓar mini."

Daga nan ake samun ɓaraka. A ce mai gida ya yanka jika 10 a wata. Dillali ya kai malam, ya buɗe masa ciki da falo, ya nuna masa randa da makewayi, ya ce jika 13 ne, kuma sai an ba da na wata uku a gaba, ga la'adarsa daban. Malam ya bar iyali a tasha da kaya, ba shi da lokacin ciniki, ya ƙirga ya miƙa. Ba takarda, ba resi, ba shaida sai yaron da ya riƙe makulli. Jika uku-uku na shiga aljihun dillali kowane wata, a shekara jika 36. Ranar da mai gida ya zo ganin gida da salla, suka gaisa da malam, zance ya kai ga kuɗin haya, sai asiri ya tonu. Abin da mai gida kan ce a nan kusan ɗaya ne ko'ina: "Ni ban sani ba, ka je ku ƙare da wanda ka ba."

Wannan magana ba ta fitar da shi kamar yadda yake zato.

Nijar ta fitar da dokar haya mai lamba 96-016 ranar 18 ga Afrilu 1996, amma batun wakilci yana cikin kundin dokokin zamantakewa da ƙasar ta gada daga Faransa, wanda alƙalai ke kira Code civil. Aya ta 1998 ta ɗora wa wanda ya naɗa wakili nauyin duk abin da wakilin ya ƙulla cikin iyakar ikon da aka ba shi. Aya ta 1993 ta fi ba mutane mamaki: wakili dole ne ya kawo lissafi, ya miƙa wa maigidansa duk abin da ya karɓa da sunan wakilcin, ko da abin da ya karɓa ɗin bai kamata a biya maigidan ba. Ma'ana, rarar jika ukun nan doka ba ta ɗauke ta ribar dillali ba, kuɗi ne da aka karɓa da sunan mai gida. Sannan aya ta 1376 ta ce duk wanda ya karɓi abin da ba haƙƙinsa ba, cikin kuskure ko da gangan, sai ya mayar. Idan aka haɗa ukun, ɗan haya na da hanyar zuwa ƙofar mai gida kai tsaye, shi kuma mai gida ya juya kan dillalinsa. Idan dillalin ya cinye kuɗin, wannan cin amana ne, laifi ne da ake ɗauri a kansa.

Haka nan idan malam ya biya wakilin da mai gida ya naɗa, wakilin ya gudu da kuɗin, ba a sake ce wa malam ya biya. Aya ta 1239 ta ɗauki biyan wakili mai izini daidai da biyan mai gida.

Mai gida yana da mafita guda, kuma adalci ne a faɗe ta. Idan dillali ya wuce iyakar da aka gindaya masa, mai gida ba ya ɗaukar abin da ya wuce ɗin, sai in ya amince da shi a fili ko ta hanyar aikinsa. To amma ta yaya zai nuna iyakar, alhali a waya ya yi maganar, ba rubutu? Kuma da yawa daga cikinsu sun sani sarai. Mutum ya ga kuɗin da ake turo masa ya ƙaru, ya yi shiru ya karɓa wata da watanni, wannan shirun amincewa ne. Wani ma shi ke cewa "duk abin da ka samu a sama naka ne," don ya huta da biyan la'ada. Wanda ya faɗi haka ya ba da izinin ƙarin da bakinsa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure ma, wakili amintacce ne, aikinsa aikin wanda ya wakilta ne, kuma ba shi da halin ɓoye riba a kan dukiyar da aka ba shi amana.

Inda hukuma ta ƙayyade haya, lamarin ya fi tsanani. Senegal ta yi doka a Janairun 2014 ta rage kashi 29 cikin ɗari daga hayar da ba ta kai sefa 150,000 ba. Kodebuwa a 2018 ta hana karɓar fiye da hayar wata biyu a gaba da wata biyu na ajiya. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda 'yan ci-raninmu ya kamata su sani, ta ambaci mai gida da wakilinsa tare: wanda ya karɓi fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata uku, kuma ba da resi wajibi ne. Masu tsara irin waɗannan dokoki sun san cewa in aka bar mai gida ya ɓuya bayan dillali, ƙayyade farashi ya zama wasa.

Sai dai duk wannan kariya tana rushewa a wuri ɗaya, wato rashin takarda. Aya ta 1716 ta Code civil ta ce idan haya ta baki ce, aka yi gardama kan farashi, kuma babu resi, ana gaskata mai gida bisa rantsuwarsa, sai in ɗan haya ya nemi a kawo masani ya kimanta gidan. Dubi yadda ma'auni ya karkata. Takarda guda daga littafin ɗan makaranta ta isa ta gyara shi: sunan mai gida, sunan wakili, kuɗin wata, abin da aka ba da a gaba, kwanan wata, sa hannu ko dangwale, da shaidu biyu. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. La'adar dillali a rubuta ta daban, sau ɗaya ake biyanta, ba kowane wata ba. In ta kamfanin aika kuɗi aka tura, a adana takardar.

Masu shaguna a kasuwa dokarsu daban ce, dokar kasuwanci ta ƙungiyar OHADA, wadda aka sabunta a Lome a 2010. A can ɓangarorin biyu ne ke yanka haya, in sun kasa daidaitawa kan ƙari sai kotu ta yanke, ba dillali ba.

Idan rikici ya riga ya faru, ba sai an fara da kotu ba. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba mai unguwa, mai gari da sarki ikon sasanta irin wannan, kuma a nemi a rubuta abin da aka sasanta a kai. In ya gagara, akwai kotu a Tasawa, akwai a Mayahi, ga babbar kotu a Maraɗi, kuma marar ƙarfi na iya neman taimakon hukumar ANAJJ mai agaza wa talaka a shari'a.

Ɗan haya, kafin ka ƙirga ko dala, ka ce wa dillali ya kira mai gida a gabanka, ka ji farashin daga bakinsa. Mai gida, duk inda kake, ka sa a rubuta kuɗin hayarka da iyakar wakilinka, ka bar kwafi wurin mai unguwa, ka kuma riƙa kiran wanda ke zaune a gidanka kana tambayarsa nawa ya biya.